Tagullar Isfahan a Oksfod, da takardunmu da gara ke ci

Wanda ke zaune a Landan, Oksfod tafiyar yini guda ce. Jirgin ƙasa daga tashar Paddington kamar awa ɗaya yake yi, daga tasha kuma tafiyar ƙafa ce zuwa titin Broad Street, inda gidan tarihin kimiyya yake. Shiga kyauta ne. Tun 1683 aka buɗe ginin. Yawancin baƙi ƙasa suke sauka don ganin allon da Einstein ya yi rubutu a kai a 1931. Ni ba allon ne ya tsaya mini a rai ba.

A cikin akwatunan gilashi akwai jerin asturlabi, na'urar tagulla mai kama da faifai da ake auna tsayin rana da taurari da ita don sanin lokaci, da dama daga cikinsu da rubutun Larabci. Ɗaya Muhammad bin Abi Bakar ne ya ƙera shi a Isfahan, birnin da ke ƙasar Iran, a shekara ta 618 bayan Hijira, wajen 1221 ke nan. A cikinsa akwai ƙafafu masu haƙora da ke juya juna, suna nuna kwanan wata da girmansa. Shekara 800, kuma har yau ana karanta sunan maƙerin.

Aikinsa ba sihiri ba ne. Za ka rataye shi ta zobensa, ka juya ma'aunin da ke baya har hasken rana ya ratsa ƙofofinsa biyu. Ba a kallon rana kai tsaye, ido ne zai tafi. Ka karanta tsayin rana, ka juyo gaba, ka nemi inda take a burujin ranar, ka murza ragar da ake kira ankabut har wurin ya hau layin wannan tsayin. Nan lokaci zai fito, a wasu har da layin la'asar. Inda ake kuskure shi ne faranti: kowanne an zana shi ne don nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Kano tana kan digiri 12, Oksfod kusan 52, ka yi aiki da farantin wannan gari a wancan, lissafi ya rushe.

Jama'a, mu ma fa muna da wannan ilimin. Muhammad al-Katsinawi ya yi littafi a kan wafaƙi, wato hatimin lambobi da jimlar kowane layinsa ɗaya ce, a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malaman hisabi sun san manzilolin wata 28, manomi ya san abin da fitowar Kaza da 'ya'yanta ke nufi. To ina takardun? Suna cikin adaka a zaure, ko cikin buhu a saman rumbu.

Na san za a ce Turawa da kayan wasu suka cika gidajensu. Gaskiya ne, tagullar Benin da aka kwashe a 1897 shaida ce, kuma ba na wanke su. Na san Gidan Makama da Arewa House suna iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da ake ba su. Amma ba Bature ne ya sa gara a akwatin kakanmu ba.

Abin da ke kashe takarda sananne ne. Leda tana riƙe gumi da damina, sai rima ta kama. Salatif yana barin tabo, yana ɗaga tawada. Liƙe takarda cikin roba da zafi ya fi duka muni, domin ba ta ƙara fitowa. A gidajen tarihin Turawa suna riƙe damshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100, haske kaɗan. Mu ko babu na'ura za mu iya ɗaga akwati daga ƙasa, mu raba shi da bango, a naɗe kowane littafi da farin ƙyalle na auduga a gafakarsa, a riƙa dubawa kafin damina da bayanta. Kada a juya ganye da yawu, kada a hargitsa jerinsu, tunda yawanci ba a ɗinke suke ba. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa, a rubuta sunan marubuci da na gidan da ya gada.

Ranar rabon gado ma a daina yaga littafi ɗaya gida uku don kowa ya samu albarka. A bar shi cikakke a hannun mutum ɗaya, sauran magada a ba su hotunan.