Wa aka bari a gida da aka tashi kamen soja?

Daren jiya a teburin mai shayin unguwarmu musu ya kai mu har sha ɗaya, a kan yaƙin da aka gama fiye da shekara 150 a wata nahiyar. Ƙanena ne ya tayar da ƙurar, ɗan jami'a da kwanan nan ya faɗa kallon bidiyoyin tarihi a YouTube. Ya ce, "Yaya, ai ruɗar mu aka yi. Yaƙin basasar Amurka ba don bayi aka yi shi ba. Jihohin Kudu 'yancin kansu suke nema, Lincoln ya hana su ɓallewa, ya kuma dinga kamen samari yana tura su bakin daga. To wanda ya sa maka kaki ba da sonka ba, meye bambancinsa da mai bawa?"

Tambayarsa ta ƙarshe tana da nauyi, ban raina ta ba. Shayina har ya huce ban kurɓa ba, kuma a hayaniyar majalisa ba a gama magana, shi ya sa na kawo ta nan.

Batun dalilin ɓallewa ba ya buƙatar dogon turanci, don masu abin sun rubuta da hannunsu. An zaɓi Abraham Lincoln shugaban Amurka a Nuwamban 1860, ranar 20 ga Disamba Karolina ta Kudu ta fice, daga baya suka cika jiha 11. Takardar da Misisipi ta fitar ta ce ƙarara matsayinta ɗaure yake da bauta. Alexander Stephens, mataimakin shugaban sabuwar ƙasar tasu, ya tsaya a garin Savannah cikin Maris ɗin 1861 ya ce tubalin ginin gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da Bature ba. Abin da ya fi ba ni dariya kuwa ƙorafin Karolina ta Kudu ne. Cewa ta yi jihohin Arewa sun ƙi bin dokar tarayya ta 1850, wadda ta wajabta a kamo bawan da ya gudu a mayar wa ubangidansa. Ka ji masu kare 'yancin jihohi! Ran da wasu jihohin suka yi amfani da nasu 'yancin, su ne suka fara kuka.

Na ce masa ya ajiye takardun ma, tunda ɗan siyasa yana iya faɗin komai. A duba dokar kamen soja, a ga wa aka kama, wa aka bari a gida.

Abin da bai sani ba, Kudu ce ta fara. Cikin Afrilun 1862, kusan shekara guda kafin Lincoln, majalisar shugaban Kudu, Jefferson Davis, ta yi dokar ɗibar duk Bature mai shekara 18 zuwa 35, aikin shekara uku. Aka ɗaga zuwa 45, a 1864 aka mayar 17 zuwa 50, wato yaro da furfura duk a shiga layi. Sai a watan Oktoban 1862 suka ƙara wani saƙo a dokar: duk gandun da ke da bayi 20 ko fiye, an yafe wa Bature ɗaya ya zauna ya yi tsaronsu. Ka tsaya ka auna wannan. Manomin da shi da matarsa da alfadarinsa ne ke noma 'yar gonarsu, an ɗauke shi ana tsakiyar aiki, masara ta bushe a tsaye, yara na kallon hanya. Maƙwabcinsa mai gandun auduga yana zaune a baranda yana shan iska, saboda yana da mutum 20 da ya saya da kuɗi. Kuma akasarin Turawan Kudu ba su mallaki ko bawa ɗaya ba. Ba ni na ƙirƙiro zagin ba, sojojinsu ne da kansu suka riƙa cewa yaƙin na attajiri ne, faɗan na talaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dubbai suka tsere daga rundunar. A yankin Jones na Misisipi, wani manomi Newton Knight ya tara tserarru irinsa suka shiga fadama suna yaƙar gwamnatin tasu. Gwamnan Jojiya, Joseph Brown, ya yi ta tada jijiyar wuya cewa kamen ya taka haƙƙin jiharsa. Mutanen gabashin Tenesi da ba su yarda da ɓallewar ba, sojoji aka tura musu. Yammacin Bajiniya ne kaɗai ya samu ya ware ya zama jiha a 1863, shi ma da bindigar Arewa a bayansa. Ashe ƙofar ficewar nan mutum ɗaya take ɗauka, yana fita ya sa sakata.

To kada ƙanena ya ce na wanke Arewa. Ban wanke ta ba, ba ta wankuwa. Lincoln da kansa ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley a 1862 cewa da zai iya ceto tarayyar ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba, da ya yi. Jihohi huɗu masu bayi sun zauna a ɓangarensa, kuma shelar 'yanci ta 1 ga Janairun 1863 ba ta shafe su ba. Dokarsa ta kamen soja ta Maris ɗin 1863 ita ma da ƙofar baya aka yi ta: ka biya dala 300, ko ka ɗauko wani ya je a madadinka. Kuɗin nan ya kusa abin da lebura ke samu a shekara. Grover Cleveland ɗan haya ya tura, bai hana shi zama shugaban ƙasa daga baya ba. Da aka fara jefa ƙuri'ar sunaye a New York cikin Yulin 1863, talakawan gari, yawancinsu baƙin haure daga Ayilan, suka yi bore na kwana huɗu, mutum sama da 100 suka mutu. Sun fara da ofishin kamen, amma da fushin ya yi nisa sai ya sauka kan wanda ya fi su rauni. Suka rataye baƙaƙen fata a titi, suka banka wa gidan marayun baƙaƙe wuta, yara fiye da 200 suka sha da ƙyar. Wannan ɓangaren duk sanda na karanta shi sai raina ya ɓaci.

Yanzu ga amsar tambayarka, ƙanena. Kamen soja zalunci ne idan mai kuɗi zai iya fansar kansa, na yarda. Amma sojan dole yana da ranar sallama, yana da albashi, yana jefa ƙuri'a, kuma ba wanda zai ɗauki 'yarsa ya kai kasuwa ya yi cinikinta. Bayi kusan miliyan 4 da aka ƙirga a 1860 ba su da ko ɗaya cikin waɗannan, kuma ɗan da baiwa ta haifa shi ma dukiya ne tun yana zanin goyo. Mu da muka san abin da kalmar "cucanawa", wato 'ya'yan bayi da aka haifa cikin bauta, ke nufi a tarihinmu bai kamata wannan ya shige mana duhu ba.

Su waɗanda abin ya shafa ba su rikita biyun ba. Baƙaƙen fata kimanin 180,000 suka shiga rundunar Arewa, akasarinsu da ƙafarsu suka je, alhali dala 10 ake ba su a wata a cire 3 na kaki, Bature yana karɓar 13. Runduna ta 54 da ta 55 ta Massachusetts suka ƙi karɓar albashin gaba ɗaya, wata da watanni, har aka daidaita a 1864. A cikin ta 55 ɗin akwai ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Turabulus, ya bi ta Santambul da Rasha, ya samu 'yancinsa, sannan ya je ya sa kakin nan a 1863 ba wanda ya tilasta shi.

Da wuta ta ci Kudu har gemu, sai aka fara shawarar a ba bayi bindiga. Howell Cobb, ɗaya daga cikin jiga-jigansu, ya rubuta a Janairun 1865 cewa in har bayi za su iya zama sojojin kirki, to duk hujjarsu ta bauta ta rushe. Majalisarsu ta amince a watan Maris, ba tare da ta sa alkawarin 'yanci a cikin dokar ba. Ranar 9 ga Afrilu Janar Lee, babban kwamandan Kudu, ya miƙa wuya a Appomattox.

Yau da daddare ina teburin, ƙanena. Ka zo da bidiyon naka, shayin a kaina.