Cokali ɗaya ba rowa ba ce a Sabiya

Wasu matafiya na yawan cewa mutanen ƙasar Sabiya da ke Turai marowata ne, wai cokali ɗaya na kayan zaƙi da kofin ruwa kawai ake tarbar baƙo da su. Wanda ya saba a cika masa faranti dole ya yi mamaki. Amma wannan slatko ne, 'ya'yan itace da aka dafa cikin sukari har ruwan ya yi kauri, kuma matsayin ruwan maraba yake. Uwargida za ta kawo tire da kwalba, cokula da kofunan ruwa. Ka ɗebi cokali ɗaya, ka kora da ruwa, ka sa cokalin cikin kofinka. Kada ka mayar da shi kwalbar, yawu na lalata saura. Gahawa na biye, abinci kuwa sai ka ce ya isa.