Carley ko Doug: in ƙarshen labari ɗaya ne, zaɓin ya tashi a banza ke nan?

Duk wanda ya buga gem ɗin The Walking Dead, wanda kamfanin Telltale ya fitar a 2012, ba zai manta da kantin maganin nan na garin Macon a jihar Jojiya ta Amurka ba. Gawarwaki masu cin mutane sun ɓalle ƙofa da tagogi. Carley 'yar jarida harsashi ya ƙare mata, an cafke ƙafarta, Doug kuma ana jan sa ta taga. Kai ne Lee, mutum ɗaya kawai za ka iya kai wa ɗauki, lokaci kuma ba ya jiranka. Ƙanena da na ara wa kwamfuta sai da ya haɗa gumi kafin ya ruga wajen Carley. Bayan kwana biyu ya same ni yana huci. "Yaya, ashe yaudara ce. Na duba YouTube, ko Doug ka ceta, a kashi na uku zai mutu a bakin titin nan, kuma Lilly ɗin nan da ake tafiya tare da ita ce dai za ta harbe shi. To, mene ne amfanin wahalar da na sha?"

Bai yi ƙarya ba. Kafin nan ma, a gonar Hershel, an ba ka zaɓi tsakanin yaron nan Duck da Shawn, kuma ko wa ka nufa Shawn sai ya mutu. Can gaba idan aka ciji Lee, ko ka yarda a datse hannun ko ka ƙi, ajali na nan na jiransa a kashi na biyar. Saƙon nan da ke fitowa a saman allo cewa Clementine, yarinyar da Lee yake riƙo, za ta tuna da abin da ka faɗa, sau da yawa romon baka ne. Duk da haka ina ganin ƙanena da ire-irensa ba da mudun da ya dace suke awo ba.

A fara da lissafin kasuwa, don shi ne ba a son faɗa. A ce kowane zaɓi zai raba labari gida biyu, hanyoyin kuma ba za su sake haɗuwa ba. Zaɓi 10 kacal zai haifi hanyoyi 1,024, zaɓi 20 kuwa ya haura miliyan. Kowace hanya tana buƙatar marubuci, da masu ba da murya, da masu zana motsin fuska, ga shi mai wasa ɗaya kawai zai bi daga ciki. Babu kamfanin da zai zuba wannan dukiya. Shi ya sa kusan duka wasannin nan suke yin abin da turbar daji ke yi idan ta ci karo da suri: ta rabu biyu, ta kewaye, ta sake haɗewa. Wanda ya shiga da tsammanin kowane latsi zai gina masa sabuwar duniya, shi ya yi wa kansa alkawarin.

To ina amfanin zaɓin yake? A kashi na biyu na wasan akwai wurin da har yau nake tunawa. Yunwa ta ci mutane a wani tsohon masauki, aka damƙa wa Lee abinci guda 4: rabin tufa, ɗan busasshen nama, da ƙunshin biskit biyu. Bakuna kuwa 10 ne. Ga yara biyu suna kallonka. Ga Kenny da ya tsaya maka. Ga Larry, dattijon da ya taɓa kai maka naushi ya bar ka a bakin mutuwa, amma mai ciwon zuciya ne kuma shi ke aikin gyaran shinge. Na daɗe ina zagaya filin nan da abincin a hannu. Na ba yaran, wannan ba ya buƙatar tunani. Na uku na ba Carley. Na huɗun na tsaya a gaban Larry, na dube shi, na wuce. Rabon nan bai sauya wanda zai rayu ko ya mutu ba. Amma na kashe kwamfuta a daren na san cewa ni mai riƙo ne, abin da da a fim nake kallo da na ɗora wa jarumin laifinsa na kwanta barcina.

Ko batun Carley da Doug ɗin ma ba duk kanwar ja ba ce. Carley ta san Lee ya yi kisan kai kafin duniya ta rikice, kuma idan tana raye ita ce take ba shi shawara ya tona asirin da bakinsa tun kafin wani ya riga shi. Wanda ya ceci Doug ba ya samun wannan damar. Su biyun sun mutu a wuri ɗaya, amma ba tafiya ɗaya aka yi da su ba, kuma ba rashi ɗaya aka yi ba.

Inda nake tare da masu ƙorafi shi ne inda kamfani ya yi alkawari da bakinsa. BioWare na ƙasar Kanada ya sa mutane sun ɗauki shawarwarinsu daga Mass Effect na 2007 zuwa na 2010 har zuwa na 2012. A na farkon ne ake tilasta maka barin ɗaya daga abokan yaƙinka, Ashley ko Kaidan, ya mutu a duniyar Virmire, wanda ya tsira kuma ka sake haɗuwa da shi shekaru biyar ana tafe. An yi ta kururuta cewa duk abin da ka shuka za ka girba a ƙarshe. Da ƙarshen ya zo a watan Maris na 2012, sai ga ƙofofi uku da hotunansu kusan iri ɗaya ne, bambancin da ido ya fi gani shi ne launin hasken: ja, shuɗi ko kore. Wasu masu wasan suka haɗa kuɗi suka aika wa kamfanin ƙananan kek sama da 400 masu launi uku, ɗanɗanonsu kuwa ɗaya. Ban taɓa ganin habaicin da ya kai wannan ba. Kamfanin ya ba da kek ɗin sadaka, a watan Yuni kuma ya fitar da ƙarin bayani kan ƙarshen kyauta. Fushin nan yana kan hanya, domin alkawari kaya ne, kuma an karɓi kuɗin mutane a kansa.

Life is Strange na 2015 ma ya faɗa irin wannan rami, ko da yake ya fi iya ɓoyewa: bayan duk abin da Max, jarumar wasan, ta yi, sai a ce ta zaɓi ceton ƙawarta Chloe ko garin Arcadia Bay, kuma abin da ya gabata bai rufe ko ɗaya daga ƙofofin biyu ba.

Wanda a ganina ya gane bakin zaren shi ne The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red da ke Foland, shi ma 2015. An fi yin surutu kan ko Geralt, jarumin wasan, zai zaɓi Yennefer ko Triss, kuma mai ruwan idon da ya furta wa kowacce soyayya yana tashi biyu babu, ɗaure a kan gado, su kuma sun yi tafiyarsu. Taura biyu ba ta taunuwa. Amma wannan abin dariya ne kawai. Babban al'amarin shi ne Ciri, yarinyar da Geralt ya raina kamar 'yar cikinsa. Makomarta uku ce: ta bi sana'arsa ta farautar dodanni, ko ta hau gadon sarautar mahaifinta, ko ta tafi ba ta dawo ba. Abin da ke yanke wannan ba wata ƙofa ba ce mai walƙiya a ƙarshen wasa. Lokacin da take cikin baƙin cikin mutuwar Vesemir, dattijon da ya horar da su, ka ja ta wasan jifa da ƙanƙara ko ka ce mata a je a sha giya? Da matsafa mata suka kira ta ganawa, ka bar ta ta shiga ita kaɗai ko ka bi ta kamar ba za ta iya ba? Da ta ce tana son ziyartar kabarin Skjall, saurayin da ya taimake ta, ka raka ta ko ka ce babu lokaci? Da ubanta sarki ya miƙo maka tukuicin kawo ta, ka karɓa a gabanta? Babu saƙon da ke fitowa ya ce maka ga wurin nan fa. Kana yin abin da ka ga ya dace ne, sai bayan sa'o'i masu yawa ka ga irin uban da ka zama. Mutane da dama sun rasa Ciri ne saboda tsananin kāre ta, kuma duk wanda ya taɓa riƙon yaro ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Matsalar da babu kamfanin da zai iya magancewa tana hannunmu. Da zarar an zo tsaka mai wuya sai a dakatar da wasa, a ɗauko waya, a nemi wace amsa ce ke kai wa ga ƙarshe mai kyau. Daga nan ai ba zaɓi kake yi ba, satar amsa kake yi. Wasu wasannin ma suna taya mu: Detroit: Become Human na 2018 yana shimfiɗa maka taswirar rassan labari bayan kowane babi, ka ga inda ka bi da inda ka bari a kulle. Yana da daɗin kallo, amma yana mayar da mutanen labarin akwatunan da ake son buɗewa.

Abin da na ce wa ƙanena ke nan: ya ajiye wayar ya ƙarasa. Ya ƙarasa ɗin. A wurin ƙarshe Lee na zaune a jingine, numfashi na ƙarewa, Clementine na riƙe da bindiga, zaɓin kuma shi ne ta harbe shi kafin ya rikiɗe ya zama gawa mai cin mutane ko ta tafi ta bar shi. Ya san sarai ko wanne ya latsa Lee ba zai tashi ba, don ya riga ya gani a YouTube. Ina zaune a gefe ina kallonsa, yatsansa a kan maɓalli, ya kasa latsawa har lokacin ya ƙare, yarinyar ta yanke da kanta.