Ba kowane biri ake kira monkey a Turanci ba

Yawancinmu a firamare aka koya mana cewa biri shi ne monkey, muka riƙe haka. Amma Turawa sun raba gidan biyu. Masu wutsiya, irin su jan biri da bika, su ne monkey. Manyan da ba su da wutsiya kuwa, irin su gorila da cimfanzi da orangutan, sunansu ape. Don haka wanda ya kira gorila monkey, a wajen masana dabbobi ya yi kuskure, ko da yake jama'ar gari ba su cika damuwa ba. Akwai ma wani biri a Jibralta, wani ɗan yanki da ke kudu da Sifaniya, da ake ce wa Barbary ape saboda wutsiyarsa kusan babu, alhali monkey ne.

Wajen magana kuma sai a yi hattara. A Ingila uwa na iya ce wa ɗanta mai ƙiriniya cheeky monkey cikin raha, kuma a bakin 'yan caca monkey na nufin fam 500. Amma jifan baƙar fata da wannan kalma zagi ne na wariyar launin fata, wanda ake hukunta 'yan kallo a kansa a filayen ƙwallon Turai.