Aikin Hannu Kaɗai Ba Ya Ceton Daji

A nan Amurka inda nake zaune, masu sayar da tebur da kujerun sassaƙa bakinsu ɗaya: wai sayen kayansu taimakon daji ne, tunda hannu ya yi su ba injin masana'anta ba. Ni kam ban gamsu da wannan lissafi ba, duk da cewa ba ƙarya ce zalla ba.

George Nakashima, masassaƙin da ya yi aiki a New Hope ta jihar Pennsylvania har rasuwarsa a 1990, ya yi suna ne da katakon da 'yan kasuwa ke rainawa: mai tsaga, mai rami, mai karkataccen gefe. Ba ya daddatse shi don ya miƙe. Yakan bar gefen yadda bishiya ta girma, ya kama tsagar da ɗan guntun itace mai siffar malam-buɗe-littafi. Da yawa cikin masu bin sawunsa yau ko dajin ba sa shiga. Wani koren ƙwaro da aka gano a Michigan a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyin ash, kuma gumaguman da ake sarewa a gefen tituna, waɗanda da niƙe su za a yi ko a kai juji, su ne ke komawa tebur. Irin wannan tebur har jikoki sai su gada. Na garin katako da aka matse da gam kuwa, ruwa na taɓa shi ya kumbura, a yar a sayo wani.

To amma a waiwaya Afirka ta Yamma a dubi madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid. Kayan ɗakin alfarma na ƙasar Sin da ake kira hongmu su ma gwanayen masassaƙa ke ƙawata su, su ma ana gadonsu, ga tsada. Duk da haka su ne suka cinye madobiya daga Kasamas ta Senegal zuwa Ghana da Benin, har cinikin ya iso Kogi da Taraba. Bishiya ce da ke shekaru aru-aru kafin ta yi kauri, kuma ganyenta makiyaya ke sassabe wa shanu da rani idan ciyawa ta ƙare. Sai a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, na 2016 aka tsaurara ƙa'idar cinikinta, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Kafin nan an riga an yi ɓarna.

Kenan hannu ɗaya ne, sakamako biyu. Bambancin yana wajen asalin itacen da kuma wanda ke tambaya. Tun 2008 dokar Lacey ta Amurka ta haramta shigo da katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma wajabta bayyana irin bishiyar da ƙasar da ta fito. Akwai tambarin FSC ma, mai shaida cewa katako ya fito daga dajin da ake kula da shi, kodayake ni ba na rantsuwa a kansa. Takarda ai takarda ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a Afirka ta Yamma ɗanyen gungume muka riƙa lodawa a kwantena. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai zarto a daji ya samu na cefane, ƙauye ya rasa inuwa, ribar sassaƙa kuma ta tafi wata nahiya. Wanda ke cin abinci da bishiya ɗaya tsawon watanni yana sarrafa ta bai da dalilin kwantar da ɗari a mako, amma mai sayar da gungume dole ya yi hakan. Gabon ta hana fitar da ɗanyen gungume a 2010, masana'antun sarrafa katako suka ƙaru a cikin ƙasar. Ban ce matsalarta ta ƙare ba, sai dai idan aka sake buɗe cinikin madobiya, da wannan sharaɗi nake so a fara.