Ƙarfen amofos daban, na nanokiristal daban

Na ji daɗin wani labari da na karanta kan taransfoma masu rage asarar lantarki, sai dai ya haɗa ƙarfen amofos da na nanokiristal, ƙarafa biyu da ake yin zuciyar taransfoma da su, kamar abu guda ne, alhali halayensu sun bambanta.

Amofos narkakken ƙarfe ne da ake kwararawa kan dabaran da ke juyawa, ya sandare cikin ƙiftawar ido kafin ƙwayoyin zarrarsa su samu damar jeruwa, sai ya fito kamar zirin takarda, kaurinsa wajen maikuromita 25 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Tun 1960 Pol Duwez ya fara samar da irinsa a Amurka. Da yake ba shi da iyakokin ƙwayoyi da za su tare maganaɗisu, asarar da taransfoma ke yi ko ba a jan wuta tana raguwa da kusan kashi 70 cikin 100, amma gunjinsa ya fi na ƙarfen silikon, wanda aka saba yin taransfoma da shi, ƙarfi.

Shi kuwa nanokiristal, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi a 1988 da sunan Finemet, daga amofos ɗin ake yinsa: a zuba ɗan jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna niyobiyam tun yana narke, bayan ya sandare a gasa a zafin digiri 550 na Selsiyos ko kusa, sai ƙwayoyin kiristal masu girman nanomita 10 su tsiro (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita). Kusan ba ya gunji, amma bayan gashin yana karyewa a hannu kamar ɓawon ƙwai, kuma maganaɗisun da yake ɗauka bai kai na amofos ba. Shi ya sa a ganina wurinsa inbata da caja, taransfomar unguwa kuwa amofos ya fi dacewa da ita.