Tuɓewa daban, rage muƙami daban

A wata fada, wato majalisar hira, a Tawa ta Nijar, ana cikin shan shayi, na ji an ce wai an tuɓe wani soja, alhali galo ɗaya, wato alamar girma da ke jikin kaki, aka cire masa, yana nan bakin aikinsa. Wannan rage muƙami ne, ba tuɓewa ba.

Tuɓe kalmar tufafi ce, a tuɓe riga, a tuɓe takalmi. Daga nan ta shiga sarauta, tunda rawani ake naɗa wa sarki, ran da aka tuɓe shi kuwa sarautar ta tafi ɗungurungum. Muƙami kuma daga Larabci muka aro shi, maƙam, wato wurin tsayawa. Wanda aka rage wa muƙami an matsar da shi ƙasa ne kawai. Albashi ya ragu, girma ya ragu, amma kakin yana jikinsa.